Fiyus Ɗin Da Na-Sani Ya Maye Da Waya

Akwai wani magidanci da abokansa ke kira Na-Sani, domin ba ka buɗe baki ka ba shi shawara bai tare ka da "ai na sani" ba. Yana da wata tsohuwar mota da yake ji da ita. Matsalarta ɗaya ce, esi, wato na'urar sanyaya mota. Yau ya yi sanyi har a nemi mayafi, gobe da an faɗa rami ya ɗauke ɗif, sai an manta da shi ya dawo.

Da abin ya ishe shi, ya kai ta wurin wani dattijo mai gyaran wayar mota.

"Baba, gas kawai za ka ƙara mini, sauri nake."

Dattijon ya auna, ya ce gas ƙalau yake. Ya buɗe akwatin fiyus ya zaro guda, ya ɗaga shi a rana. Ashe fiyus ɗin ya ƙone.

"Na nawa ke nan ka canza, ɗana?"

"Na huɗu. Jabu ne duk."

"Ba jabu ba ne. Fiyus mai gadi ne, in ya mutu wani abu ne ya kashe shi. Akwai wayar da ta ɓare tana taɓa ƙarfe in mota ta girgiza. Bar mini ita kwana biyu in bi layin."

Na-Sani ya yi dariya. A gaban dattijon ya tsinci guntun waya mai kauri a ƙasa, ya lanƙwasa, ya cusa a gurbin fiyus. Esi ya tashi nan take.

"Ka gani? Wannan ba ya ƙonewa."

"Shi ne abin tsoron," in ji dattijon. "Ka kori mai gadi don yana hana ka barci."

Da ya ga ba zai ji ba, ya ɗauko sifana lamba goma ya ɗaure da zare kusa da batir. Ya ce, "In ka ji ƙaurin roba, cire kan batir kafin komai."

Kwana takwas esi na aiki, Na-Sani na ba da labari a majalisa.

Rana ta tara da azahar ya ɗauko autarsa 'yar shekara huɗu daga makaranta. Suna cikin cunkoso, tana baya tana waƙa, sai ta ce, "Abba, wari."

Ya shaƙa. Ƙaurin roba ne. Hayaƙi siriri ya fara fitowa ta ramukan esi, kafin ya ƙifta ido ya zama baƙi. Ya kashe mota, hayaƙin bai tsaya ba. Ya ja abin buɗe bonet ya yi waje da gudu, ƙofa ta rufe a bayansa.

Sai ya ji ƙarar makulli. Wayoyin da suka narke sun haɗu, ƙofofi huɗu sun kulle kansu. Mabuɗi na ciki. Yarinya na ciki.

Ya ja ƙofa, ya naushi gilashi har hannunsa ya fashe, gilashi ko gezau. Yarinyar ta manna tafukanta a jikin gilashin tana tari, bakinta na cewa Abba amma ba a jin muryar. Salati ma ya kasa haɗawa.

Nan maganar dattijon ta faɗo masa. Ya ɗaga bonet, ga sifana na lilo a zarenta. Sau biyu tana kuɓuce masa kafin kan batir ya fita. Daidai lokacin wani mai faci ya rugo da ƙarfen taya, ya fasa gilashin ƙofar gaba, ya zura hannu ya buɗe ƙofa. Suka jawo yarinyar, idanunta jajir, numfashi sama-sama. Sai da ta tsala kuka mutane suka yi hamdala.

Washegari aka jawo motar zuwa wurin dattijon. Ya bi layin, ya nuna wa Na-Sani inda waya ta goge a bakin ƙarfe, wurin bai kai faɗin farce ba. Bai ce "ai na faɗa maka" ba. Cewa ya yi, "Ya jikin jikata?"

Na-Sani ya durƙusa, hannu a naɗe da bandeji, hawaye na zuba.

"Baba, da na sani..."

Har yau yarinyar ba ta shiga kowace mota sai an sauke gilashi, kuma ubanta ne ke fara saukewa.

Darasi: Abin da ke zuwa yana tafiya, gargaɗi ne, kada ka toshe masa baki, nemo tushensa. Ka saurari mai sana'a a kan sana'arsa, domin da-na-sani ƙeya ce, a baya take. Tura wannan ga duk mai tsohuwar mota da ka sani, wataƙila ka ceci ran yaron wani.