Taurari Casa'in da Takwas da Takardar Magani

Akwai wani ma'aikaci a ofishin ilimi, abokan aikinsa suna ce masa Kashi-Nawa. Ko cewa ka yi yau an yi zafi, sai ya tambaye ka kashi nawa cikin ɗari. Bawan Allahn nan ba ya iya zama wuri ɗaya. A tsaye yake shan shayi, yana tafiya yake amsa waya, in ma ya zauna ƙafarsa na ta kaɗawa a ƙarƙashin tebur.

An raba wa makarantu arba'in kwamfutocin hannu, aka ɗora masa aikin auna amfaninsu. Kowace kwamfuta tana aiko masa da abu biyu: mintunan da aka yi a kanta, da taurarin da yaro ke samu in ya amsa tambaya daidai. Da rahotonsa kwamiti zai yanke hukunci ranar Alhamis.

Makarantar bakin titi ce ta zo ta ɗaya, taurari casa'in da takwas cikin ɗari. Tun bara ma ya mayar da 'yarsa can. Sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa yake kiranta Uwata.

Makarantar bayan kasuwa kuwa ita ce ta ƙarshe. Bai yi wata-wata ba ya rubuta a kwashe kwamfutocinta, a kuma sauke malamar aji uku da ke kula da su.

Ranar Litinin malamar ta zo ofishinsa. Ta yi awa biyu a kan benci kafin ya leƙo, makullin mota a hannu.

Ta ce, "Yallaɓai, soket ɗaya ne ke aiki a makarantarmu. Kwamfuta shida nake iya yi wa caji a rana, yara biyar-biyar suke haɗuwa a kan ɗaya. Kuma ba na barin yaro ya taɓa amsa sai ya karanta mini tambayar da bakinsa. Ka zo ka ji su da kunnenka."

Ya ce, "Malama, in na bi makaranta arba'in ina sauraron yara, yaushe zan gama? Na'ura ba ta ƙarya."

Ko kujera bai ba ta ba, jama'a. Ta yi godiya ta tafi.

Ranar Laraba da safe yana neman takalminsa ƙafa ɗaya, sai Inna, mahaifiyarsa, ta fito da kwalin sabon maganin hawan jini. Tabarau ɗinta ya karye tun jiya.

Ta ce, "Takwara, zo ki karanta wa kakarki, guda nawa aka ce in sha?"

Kashi-Nawa ya yi dariya. "Inna, ai kin samu gwana. Wannan taurarinta sun fi na sama yawa."

Yarinyar ta karɓi takardar. Ta juya ta, ta sake juyawa. Leɓɓanta suna motsi amma babu abin da ya fito. Can ta ɗago ido ta ce, "Baba, ina wurin dannawa?"

Ya ɗauko kwamfutarta daga jaka ya ce ta nuna masa yadda take yi.

Tambaya ta fito da amsoshi huɗu. Ko kallon tambayar ba ta yi ba. Ta danna ta farko, ja. Ta biyu, ja. Ta uku, sai ga tauraro yana rawa.

Ta ce, "Haka duk 'yan ajinmu suke yi. Malam ya ce mu yi sauri, kuma mu bar su a kunne in an fita hutun tara, wai ana ƙirga mintuna."

Inna ta dube shi ta ce, "To ni dai har yanzu ba a gaya mini guda nawa zan sha ba."

Kunya ta rufe shi, tsoro kuma ya biyo baya. Shekarar yarinyar nan tara. Shi da kansa ya ɗauke ta ya kai ta makarantar bakin titi, saboda alƙaluman da ya tara da hannunsa.

Ya karanta wa Inna maganinta, ya cusa takardar a aljihu, ya nufi bayan kasuwa. Hanya ta cunkushe, ya ajiye motar ya ƙarasa a ƙafa yana haɗa gumi.

Ya tarar da malamar a tsugune gaban soket ɗin nan guda ɗaya, tana canza wayar caji. Ko gaisuwar kirki bai yi ba, ya miƙa wa wata yarinya ta layin baya takardar. Ta karanta a hankali, tana bin layi da yatsa, har ƙarshe. Ya ba wani, ya ba wata. Cikin yara goma, takwas suka karanta.

Daga nan sai ofishin Darakta. Ya ce a dakatar da rahoton, kuskure ne.

Darakta ya ce, "Gobe fa kwamiti zai zauna. Ka san abin da wannan zai jawo maka?"

"Na sani, ranka ya daɗe. Mun auna yatsun yara ne, ba mu auna karatunsu ba."

Ya sha faɗa, ƙarin girman da yake jira ya wuce shi. Amma an ɗage zaman. Aka tura mutane makarantu arba'in da takarda a hannu, su zauna su ji yara suna karatu. Ba a sauke malamar ba, soket huɗu ma aka ƙara mata.

Da sabon zango ya zo, sai ga shi a ƙofar ajinta riƙe da hannun Uwata. Ya kasa haɗa ido da malamar.

Ta ce, "Bismillah, Yallaɓai, ga kujera."

A karon farko ya zauna, ƙafarsa ba ta kaɗa ba.

Bayan wata huɗu Inna ta sake fitowa da kwalin magani, sabon tabarau na rataye a wuyanta amma ta ƙi sakawa. Yarinyar ta ɗora yatsa a kan layi ta ce, "Ɗaya da safe, ɗaya da yamma, bayan an ci abinci."

Uban ya juya baya yana goge ido.

Darasi: Kafin ka yanke wa mutum hukunci da alƙaluma, tashi ka je ka ga abin da aka ƙirga. Kuma yau, ba gobe ba, miƙa wa ɗanka takarda ka ji karatunsa da kunnenka. Ku tura wa iyaye, malamai da masu tsara harkar ilimi, wataƙila wani yaro ya tsira.