Gimbiya Illari da Duwatsun Baƙin Ciki

A wani zamani mai tsawo, tun kafin jiragen ruwa su san hanyar tsallake babban tekun yamma, an yi wata masarauta mai suna Antawara a can nahiyar da rana ke faɗawa, inda tsaunuka ke sanye da farin rawanin ƙanƙara rani da damina, raƙumansu kuma ƙanana ne marasa tozo, masu gashi kamar tumaki. Sarkinta, Yupari, mutum ne mai son baƙi fiye da kima, abinci ma ba ya yi masa daɗi sai ya ji wani matafiyi yana yabon ƙasarsa. 'Ya guda gare shi tilo, Gimbiya Illari, wadda yake ji da ita kamar ransa.

Mutanen nahiyar suna da wata al'ada tun kaka da kakanni. Duk wanda zai haura mashigar tsaunin da ke kai mutum birnin, sai ya ɗauko dutse daga garinsu, ya hura masa baƙin cikin da ya fi cin ransa, ya aza shi a kan tarin duwatsun da ke ƙololuwa, ya sauko da zuciya sakayau. Da Sarki ya yi niyyar gina wa baƙi ƙasaitaccen masauki a mashigar, magina suka ce hawo da duwatsu daga ƙasa zai kashe dabbobi, ga tari nan zube a banza. Dattawa suka yi ta roƙo kada a taɓa tarin, Sarki ya ce dutse dutse ne. Kunnen mai mulki kuwa, in ya riga ya ji yabon da za a yi masa, ba ya jin komai kuma.

Aka gama gini, Sarki ya ce shi zai fara kwana a ciki. Gari na wayewa ya tashi yana rusa kuka, yana kiran wani miji, yana kiran wani ƙane, yana kiran wani yaro Nawel, alhali bai taɓa sanin ko ɗayansu ba. Bokayen fada suka yi iya yinsu, ko gezau. Ya daina ci, ya daina gane 'yarsa, kullum sai ramewa yake.

Da ido ya raina fata, Illari ta haura tsaunin ita kaɗai, ta tsiyaya wa ƙasa kurɓin farko na kunun masara yadda ake yi wa masu wurin, ta durƙusa. Sai iska ta dunƙule ta zama aljanin tsaunin, gemunsa na ƙanƙara yana jan ƙasa.

Ya ce, "Ya ke 'yar Sarki, a rushe gidan nan a mayar da tarin yadda yake. Amma duwatsu uku da ke wajen kan gadon mahaifinki sun riga sun juye abin da ke cikinsu a ƙirjinsa. Babu mai fitar da shi sai masu shi, kowa ya riƙe dutsensa, ya ce ya karɓa da yardarsa. Dutse zai yi zafi in ya matso kusa da mai shi. Ki yi sauri, ƙirji ɗaya ba ya daɗewa da kayan mutum uku."

Ta ɗaure duwatsun uku, fari da kore da baƙi, a mayafinta ta kama hanya, ta kuwa san aikin da aka ba ta shi ne ta bi mutane gida gida tana mayar musu da abin da suka sha wuya suka rabu da shi.

Farin dutsen ya kai ta wani fili na gishiri wanda ba a ganin iyakarsa, in ruwan sama ya kwanta a kansa sai sama ta sauko ƙasa kamar a madubi, mutum ya rasa inda zai sa ƙafa. Can ta tarar da wata tsohuwa mai suna Waira tana sarar gishiri. Illari ta gaishe ta da ladabi, ta faɗa mata abin da ke tafe da ita. Tsohuwa ta ce sam, da ƙafafun tsufa ta hau tsaunin nan don ta huta da tunanin mijinta da tsawa ta kashe a filin, ba za ta biya wautar sarki ba. Illari ba ta yi musu ba, ta zauna tana taya ta loda gishiri har hannayenta suka tsattsage. Daga bisani tsohuwa ta ajiye gatarinta.

Ta ce, "'Yata, tun da na ajiye dutsen nan ban ƙara kuka ba, amma kuma na nemi muryarsa a kunnena na rasa. Miƙo. Na karɓa."

Tana riƙewa ta zube a kan gishirin tana kiran sunan mijinta. Illari ta bar wurin tana jin kunyar kanta kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Koren dutsen ya gangara da ita cikin wani daji wanda rana ba ta taɓa ƙasarsa, aku masu ja da shuɗi suna ta surutu a sama, kadoji suna kwance a gaɓar wani kogi mai faɗin da ba a hango ɗaya gefen. Mai dutsen wani matuƙin kwalekwale ne, Ubira, wanda ruwa ya cinye ƙanensa yana ji yana gani. Bai ja zance ba. Ya karɓa, fuskarsa ta tsufa nan take, sannan ya ce zai raka ta, don wanda ya ɗanɗana ya san ba tafiyar mutum ɗaya ba ce.

Suka nausa kudu da baƙin dutsen, suka ratsa filayen ciyawa na makiyaya, har ƙasar da iska ba ta hutawa, inda kogin ƙanƙara ke tsagewa yana rikitowa cikin tafki da ƙara kamar aradu. Dutsen bai yi ko ɗumi ba. Makiyayan wurin suka gane shi, suka kai su wani kabari. Na wata mata ne da sanyi ya kashe mata ɗanta Nawel a bayanta, ta mutu ba ta bar kowa ba.

Suka dawo Antawara suka iske an mayar da tarin, amma Sarki ya zama ƙashi da fata, ba abin da ke fita bakinsa sai sunan yaron. Illari ta sake durƙusawa gaban aljanin. Ya gaya mata baƙin cikin da mai shi ya mutu kowa na iya ɗauka, sai dai wanda ya ɗauka ba zai ƙara sauke shi a kan wani dutse ba har kabari. Ubira ya miƙa hannu, aljanin ya ce ƙirjinsa ya riga ya cika. Fadawan da ke rantsuwa kullum za su mutu saboda Sarki kuwa, kowa ya sunkuyar da kai yana duban takalminsa.

Illari ta damƙe dutsen da hannu biyu ta ce, "Na karɓa."

Nan take ta ji nauyin yaro a bayanta, ta ji sanyin ƙafafunsa, ta san ƙanshin kansa, ita da ba ta taɓa haihuwa ba.

Sarki ya warke sarai, bai tuna komai ba sai cewa ya yi dogon barci. Aka kafa doka kada a ƙara taɓa tarin, matafiya suka ci gaba da haurowa. Illari ta zaɓi Ubira ya zama mijinta, Sarki ya yarda, aka yi biki irin wanda ba a taɓa gani ba, da sarewa da ganguna da tufafin ulu masu launi. Ana tsakiyar rawa Sarki ya hangi amarya tana hawaye, hannunta ɗaya a baya kamar mai tallafe goyo. Ya matso yana dariya.

Ya ce, "'Yata, yau ranar kuka ce? Wa ya ɓata miki rai a ƙasata?"

Ubira ya kama hannun nata ya riƙe. Illari ta dubi mahaifinta, ga shi tsaye da ƙafafunsa, kumatunsa sun ciko.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, babu kowa. Murna ce."

Sarki ya ji daɗi, ya juya ya ce makaɗa su ƙara kiɗa.