Kwana Tara da Zaliha Ba Ta Je Kotu Ba

Akwai wata budurwa 'yar Bukkuyum, sunanta Zaliha. Shekara biyar ta yi a jami'a tana karatun lauya, sannan ta wuce makarantar horar da lauyoyi. Wanda bai ƙetare wannan makaranta ba, ko ya haddace doka kaf, ba zai saka baƙar riga ya tsaya gaban alƙali ba.

Cikin horon aka tura ta wata kotu a Gummi, aka ba ta littafi. Kullum ta zauna ta saurari shari'a, ta rubuta abin da ta gani, a buga mata hatimi.

Ana cikin haka ciwo ya kwantar da Innarta. Kwana tara Zaliha tana jinyarta a Anka.

Da ta dawo, Malam Nababa, akawun kotun, ya tausaya mata. Ya tura mata fayilolin kwanakin.

"Ɗiyata, kwahe ki cike, in buga miki hatimi. Wa za shi sani?"

"Baba, ban gani ba. Ƙaƙa in rubuta na gani?"

"Ke, za su iya maishe ki baya shekara guda hwa!"

Ta sani sarai. Amma a kowane shafi cikin taran ta rubuta: "Ban zo ba."

Wallahi ni da nake ba ku labarin nan, ban san ko zan iya ba.

Ranar tantancewa ta zauna gaban kwamitin makarantar. Shugaban, wani tsohon lauya mai furfura, ya yi ta buɗe shafukan littafinta ɗaya bayan ɗaya. Ya cire tabarau.

"Wa ya sa ki rubuta wannan?"

"Ba kowa, ranka ya daɗe."

Ya rufe littafin.

"Shekara ashirin ina duba littattafan nan," in ji shi. "Kowa lafiyarsa ƙalau, ba mai makara, ba wanda aka yi wa rasuwa a gida. Yau na ga littafin da na yarda da shi. Koma Gummi ki rama kwana taran. Sunanki ba zai fita daga jerin waɗanda za a rantsar bana ba."

Ta rama su cif. Bana aka rantsar da ita tare da sa'o'inta.

Darasi: Kafin a ba ka amanar haƙƙin mutane, za a gwada ka da abin da ba mai gani sai Allah. Ku tura wa duk ɗalibin da kuka sani, ko zai tsaya kan gaskiya ranar da ƙarya ta fi sauƙi.