Layin Iya Tasalla

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na faɗi sunansa ba. Ba tun zamanin kakanni ba, a'a, a wannan zamani namu na kwamfuta. Sunansa Malam Mudi, sana'arsa buga wa mutane takardu. Ɗan shago ne da shi, da tebur ɗaya, da kwamfutar da sai an lallashe ta take tashi. Shagon ma ba nasa ba ne, na wani attajiri ne a unguwar, Alhaji Bawale.

Ku saurara. Alhaji Bawale yana so ya toshe wani lungu da ke bayan gidansa, ya haɗe shi da gininsa. Ofishin tsara gari suka ce sai ya kawo ra'ayin maƙwabta a rubuce. Maƙwabta goma sha tara suka turo saƙo ta waya. Goma sha takwas sun amince. Ɗaya ba ta amince ba: Iya Tasalla, tsohuwa mai ciwon gwiwa, wadda ta wannan lungun take fita zuwa famfo. In aka toshe, sai ta zagaye unguwa da bokiti.

Wata ranar Talata da hantsi Alhaji ya zo da saƙonnin. Mudi ya kwafo su ya manna a shafi. Wanda ya taɓa wannan aiki ya san abin da ke faruwa: rubutun ya fito a kakkarye, kalma biyar layi ya yanke, kalma uku layi ya yanke, kamar an bi shi da almakashi.

Mudi yana da hanyarsa ta gyara. Tsakanin saƙon mutum da na wani akwai layin da ba komai a kansa. Sai ya fara sa alamar tauraro a waɗannan gurabe. Sannan ya umarci kwamfuta ta share duk yankan layi, ta sa tazara a madadinsu. Sannan ya koma wajen taurarin, ya mayar wa kowa da sakin layinsa. Mataki uku. Yankan da na'ura ta yi ya tafi, iyakar da ke tsakanin bakin wani da bakin wani ta tsaya.

Yana cikin sa taurari Alhaji ya leƙo.

"Mudi, wannan zanen fa?"

"Ina raba maganar kowa ne, ranka ya daɗe."

"Wa ya sa ka? Na ga yara suna yi, danna ɗaya komai ya haɗe. Haɗe min su duka."

Mudi ya ɗaga hannu daga kwamfutar. Ya san ma'aikacin ofishin nan, kowa ya san shi: ba ya karanta takarda, farkon kowane sakin layi kawai yake kallo, ya buga hatimi. In aka haɗe shafi huɗu suka zama dunƙule ɗaya, zai ga "na amince" a sama, ya ga "na amince" a ƙasa, ya wuce. "Ban yarda ba" ta Iya Tasalla tana nan a tsakiya, amma ba idon da zai kai gare ta.

"Alhaji, in na haɗe, maganar Iya za ta nutse."

"Na ce ka goge kalma? Na ce ka ƙara kalma? Kai da kake ta zuwa gaban malamai, nuna min ƙaryar."

Jama'a, a nan nake so ku tsaya. Ni kaina na daɗe ina juya wannan tambaya. Ba harafin da za a taɓa. In aka kai gaban alƙali, Alhaji zai ɗaga takarda ya ce ga maganarta nan. To ina laifin?

Mudi bai yi dogon karatu ba, amma ga abin da ya ce: "Ba ta yi magana don a ajiye ba, Alhaji. Ta yi don a ji."

Alhaji ya yi dariya. "Lallai. Yau kuma mai buga takarda ne limami. Ka manta a shagon wa kake zaune?"

"Ban manta ba."

"To danna."

"Ba zan danna ba. Kuma gara in faɗa maka a gabanka, kada ka ce na zagaye ka: daga nan gidan Iya zan je. In tana so, zan buga mata tata maganar ita kaɗai a shafi guda, da manyan baƙaƙe."

"Kafin la'asar ka kwashe komatsanka."

"Kafin azahar ma, in sha Allahu."

Alhaji ya kai aikin wani shago, aka danna masa danna ɗaya. Mudi ya ɗora kwamfutarsa a baro ya fice. Washegari takardu biyu suka isa ofis: dunƙulen Alhaji, da shafi ɗaya mai layi uku, ɗauke da dangwalen yatsan tsohuwa. Layi uku kam ko malalacin ma'aikaci yana karantawa. Aka hana toshe lungun.

Na ga kuna jira in ce Mudi ya yi arziki. Bai yi ba. A rumfar wani mai gyaran rediyo ya ƙare, yana jan wuta da doguwar waya, ruwan sama na korar sa. Iya Tasalla kuwa ta ci gaba da bin lungunta da bokitinta har ta koma ga Allah.

Ga darasin, ba na ɓoye shi: ana iya zaluntar mutum ba tare da an yi masa ƙarya ba. Ya isa a binne maganarsa cikin ta jama'a. Kai sakataren ƙungiya da ke rubuta "kowa ya amince" alhali mutum ɗaya ya ɗaga hannu ya ce bai yarda ba. Kai maigida da ke cewa "mun yanke shawara" alhali uwargida ta ce a'a. Da ku nake. Ranar da za a karanta takardunmu, ba za a karanta su a dunƙule ba. Ku bar wa mai rauni layinsa, ko da shagon ba naku ba ne.