Baƙon da Ya Shiga Kurmi Ba Sallama

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya halicci abin da ido ke gani da wanda ba ya gani, tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta. Bayan haka, Shehinmu, malami masani, kogin fiƙihu da tafsiri, mai tsantseni da gudun duniya, wanda harshensa bai taɓa bushewa daga zikiri ba, Allah Ya ƙara masa yarda, yana da karamomi da ba su ƙirguwa. Wannan ɗaya ce daga ciki, rabinta a gabanmu aka yi, rabinta kuwa mai abin ne ya faɗa mana da bakinsa.

Wata shekara rijiyoyin ƙauyenmu suka ƙafe, mata na yin doguwar tafiya da tulu su dawo da ruwa mai laka, yara na ta fama da ciwon ciki. Sai aka turo wani baƙo daga ƙasa mai nisa, masanin haƙar rijiyar burtsatse, wanda ya koyi harshenmu daidai gwargwado, kuma ba ya ganin abu ya wuce bai tambaya ba, har mata suka laƙaba masa Me-ya-sa. Ya zaga gabas da yamma da na'urorinsa, ko'ina dutse ne a ƙasa, in ban da ɗan kurmin da ke bayan gari, wanda ko makiyayi ba ya barin akuyarsa ta shiga.

Da ya ce a haƙa a can, leburorinsa suka ajiye diga suka ce can gidan mutanen ɓoye ne. Baƙon bai yi musu dariya ba, abin ma sha'awa ya ba shi. Ya tafi wurin wata tsohuwa mai saƙar tabarma da gidanta ya fi kusa da kurmin, ya zauna ya yi ta tambaya. Ta ce masa su ne masu wurin tun kafin kakanni su zo, suna aure, suna haihuwa, suna da shanunsu, akwai masu haƙuri akwai masu zafin rai, kamar dai mutane. Ya tambaya ko ta taɓa ganinsu, ta ce ita ba ta leƙa gidan maƙwabta. Ya tambaya ko su ma suna jin ƙishi. Ta yi dariya har kabar hannunta ta faɗi, ta ce, "Ɗan nan, ka je ka tambaye su mana." Ita wasa take yi, shi kuwa ya ɗauka da gaske.

Da rana tsaka ya kutsa ciki shi kaɗai. Kurmin bai kai girman gonar mutum ɗaya ba, amma da ya yi ɗan nisa sai ya ji sanyi ya rufe shi, ya ji ana daka a turmi, jariri na kuka, ƙanshin hayaƙin girki na tashi. In ya nufi sautin sai ya koma bayansa. Allurar da ke nuna masa gabas ta yi ta juyi ba ta tsaya ba. Ya yi ta tafiya har ƙafa ta gaji, maƙogwaro ya bushe, sha'awar ta koma tsoro, ya zube a gindin wata bishiya. Nan ya ji murya a natse, cikin harshen mahaifiyarsa da rabonsa da jinsa tun barinsa gida, tana cewa ya tashi ya yi wa masu gida sallama, ya ba su haƙuri, sa'an nan ya bi hannun dama. Ya yi haka. Dakan ya tsaya, jaririn ya yi shiru, bai yi wata tafiya ba sai ga shi a fili, rana ta yi sanyi.

A daidai wannan lokaci muna zaure muna ɗaukar karatu. Shehu, Allah Ya tsarkake asirinsa, ya dakata, ya sunkuyar da kai, leɓɓansa suka motsa, sa'an nan ya ce, "Baƙonmu ya ɓata hanya, amma ya samu." Ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Ba a jima ba sai ga baƙon, riga duk ƙaya. Da Shehu ya amsa gaisuwarsa sai baƙon ya gane muryar da ya ji a kurmi ce. Ya yi masa magana da harshen mahaifiyarsa, Shehu ya yi murmushi ya ce bai ji ba. "Ni ina nan ina karatu. Allah ne Yake jiyar da wanda Ya so." Baƙon ya tambaya, to, mutanen ɓoyen gaskiya ne? Shehu ya ce, "Bayin Allah ne kamar mu. Ba a bauta musu, ba a kuma cutar da su."

Washegari Shehu ya ɗauki sandarsa, gari ya bi shi har bakin kurmin. Ya yi sallama, ya yi nafila, ya daɗe yana addu'a, sa'an nan ya ce a hankali, "Ya ku maƙwabta, yaranmu na jin ƙishi." Babu iska ko kaɗan, amma rassan suka rausaya gaba ɗaya. Ya dasa sandar a waje da kurmin ya ce a haƙa nan, kada a sare ko reshe ɗaya. Baƙon ya san wurin, ya auna shi a baya ya tarar da dutse. Ya sake aunawa, ya maimaita, na'ura ta nuna ruwa. Aka haƙa, ruwa ya ɓulɓulo garai-garai, kuma har yau bai ƙafe ba.

Ranar da baƙon zai tafi ya zo wurin Shehu ya tuɓe takalmi, ya zauna a gefen tabarma. Ya ce ba shi da bayanin da zai kai gida, amma yana da roƙo ɗaya: mahaifiyarsa ta tsufa, ya bar ta tana jinya, a yi mata addu'a. Shehu ya ɗaga hannu, muka ce amin, baƙon ma ya ce amin, hawaye na bin gemunsa.

Wannan kaɗan ne daga falalar da Allah Ya yi wa waliyyinsa. Allah Ya ɗaukaka darajarsa, Ya haskaka makwancinsa, Ya shayar da mu daga albarkarsa, mu da iyayenmu da duk wanda ya karanta. Amin.