Amsar da Aka Manta a Jikin Allo

Akwai wani ɗan ofishin kamfanin manhaja a saman shagon tayoyi, a layin da nake yawan zagayawa tun da na dawo gida zaman wuri ɗaya ya gagare ni. Mutum shida ne ke aiki a ciki. Ɗakin taronsu shi ne kuma sitonsu: tebur ɗaya, kwalayen tsofaffin kwamfutoci, da farin allo a bango.

Hedikwata ta ba su gurbin ɗaukar ma'aikaci ɗaya tak. Ta aiko da tambayar jarrabawa, ta ce wanda ya fi maki shi za a ɗauka.

Cikin masu nema akwai wani mai gyaran waya. Shekara tara yana rumfa, a can ya koya wa kansa rubuta manhaja idan kasuwa ta lafa. Ba shi da digiri. Wannan ne karo na farko da wani kamfani ya kira shi, kuma ya san ba lallai a sake ba.

Dogo, babban gwanin ofishin, ya zaunar da shi gaban kwamfuta a ɗakin taron, ya ce, "Minti arba'in, malam." Ya fita.

Mai gyara ya karanta tambayar, ya ga ba ƙaramar wuya gare ta ba. Yana ɗaga kai, sai ga amsar ɓaro-ɓaro a jikin allo. Ashe jiya Dogo ya warware ta don ya gwada wuyarta, ya manta bai goge ba. Masu nema uku sun riga shi zama a kujerar nan da safe, babu wanda ya ce uffan.

Shi kuwa mai gyara sai ya miƙe, ya ƙwanƙwasa ƙofar shugabar ofishin, wadda suke kira Uwar Ɗaki.

"Ranki ya daɗe, amsar tana jikin allo. Na karanta rabinta kafin na ankara."

Ta leƙa, ta ƙwala kira: "Dogo! Zo ka ga aikinka!"

Dogo ya dafe kai. "Shi ya sa! Ni ina ta murna wai yau duk gwanaye ne suka zo mana."

Aka ba mai gyara wata tambayar. Da ƙyar ya wuce rabi. Ya yi godiya, ya sauka matakala.

Uwar Ɗaki ta kira hedikwata ta zayyana komai. Jami'in ɗaukar ma'aikata ya ce, "Hajiya, ƙa'ida maki ne. Kina da mutum uku masu ɗari bisa ɗari."

Ta ce, "Wannan makin na Dogo ne, shi kuwa yana da aiki. Mu shida ne a nan, yallaɓai. Babu mai tsayawa a kan wani, ga bayanan kwastomomi a hannun kowa. Rabin da bai iya ba, za mu koya masa cikin wata uku. Abin da ya yi ɗazu, ban san inda ake koyar da shi ba."

Jami'in ya ce, "Turo sunansa."

Mai gyara na bakin titi yana jiran mota, Dogo ya leƙo ta taga.

"Kai, mai tona asiri! Litinin, ƙarfe takwas. Kusa da ni za ka zauna, ka ci gaba da kama ni!"

Darasi: Abin da ba ka iya ba, ana koya maka a wurin aiki. Amana kuwa da ita ake zuwa daga gida. Ku tura wa duk wanda ke neman aiki, da wanda ke ɗauka.