Nas ɗin da Ta Ƙware a Kwanciya

A wani asibiti an yi wata nas da abokan aikinta suka laƙaba wa suna Marigayiya. Lafiyarta lau, lalaci ne kawai ya yi mata katutu. Duk sanda aka kira atisayen da ake koya wa ma'aikatan jinya abin yi idan bala'i ya auku, ita ce ke fara ɗaga hannu, wai za ta fito a mai rauni. Sai a shafa mata jan fenti, ta miƙe a baranda jikin ginshiƙi ta rufe ido. Abokan aikinta na guje-guje suna haɗa gumi, ita tana sharar barci. Har minshari an taɓa ji.

Malamar da ke horar da su ta sha faɗa: "In majinyata suka yi yawa, kada ku bi ihu. Mai ihu yana da numfashi. Wanda ya yi shiru, shi za ku fara dubawa. Ku taɓa jijiyar wuyansa, in ta yi rauni ku ɗaura masa jan ƙyalle, a shiga da shi nan take." A wuyanta fa ake gwada wannan, amma ko kalma ɗaya ba ta shiga kunnenta ba.

Rannan Malama ta fusata. "Sista, tashi! Yau ke za ki duba, wata ta kwanta."

"Haba Malama, bayana ke ciwo. Wai ma wane bala'i? Mun gaji da wasan kwaikwayon nan."

Ƙanenta Auta tela ne a benen kasuwa, shi ke sauke ta a babur kowace safiya. Yakan tsokane ta: "Yaya, yau ma mutuwar za a je yi?"

"Kai dai ja babur ɗinka, sarkin surutu."

Wata rana da tsakar rana benen kasuwar ya rufta. Motoci suka yi ta sauke mutane a asibitin, ƙura ta rufe su har ba a gane fuskar kowa. Malama ta ɗanƙa mata ƙyallaye ta ce, "Baranda taki ce!" Ta kira wayar Auta, ba ta shiga. Ta dubi ƙyallayen, ja da rawaya da kore, ta rasa wanne ne na wa. Sai ta bi ihu, tana ɗaure karaya, tana kasa kunne ko za ta ji muryar ƙanenta.

Can jikin ginshiƙi wani saurayi na kwance, fuskarsa na kallon bango. Ɗan dakon da ya kawo shi ya riƙo rigarta. "Sista, wannan fa ya daina magana."

Ta fizge. "Ka bar shi ya huta mana! Ba ka ga masu ciwon gaske ba?" A saninta, duk wanda ya yi shiru a wurin nan hutawa yake yi.

Sai da wuri ya lafa Malama ta iso. Ta durƙusa ta taɓa wuyan saurayin, ta daɗe, sannan ta zare tef ɗin awo da ke rataye a wuyan. Ta share masa fuska da gefen rigarta.

"Wa ya duba wannan?"

Marigayiya ta ga tef ɗin, ta ga fuskar, ta ƙwalla ƙara, "Auta!"

Malama cikin fushi ta ce, "Ɗan dako ya ce da ransa ya kawo shi. Rai na Allah ne, amma sakacin naki ne. Sau nawa na gwada wannan a wuyanki?"

Daga ranar ba wanda ya ƙara kiranta da sunan tsokanar, domin ba mai iya furta shi.

Darasin a fili yake. Duk wanda aka ɗora wa amanar rayuka, kada ya ɗauki atisaye wasa, ko lokacin hutu. Bala'i ba ya jira ka koya, kuma ba ka san wa za a shimfiɗe a gabanka ba. Abin da ka ƙi koya da lafiya, wani ne zai biya shi da ransa.